Babur Ɗin da Ban Aika a Sayo Ba

Kwana goma sha tara kacal babur ɗin ya yi a hannuna. Na mallaki abubuwan hawa da dama bayansa, wasu sun shekara goma tare da ni, yau ko launinsu ba na tunawa. Shi kuwa har yanzu ina ganin jan tankinsa, kuma raina yana ɓaci kamar jiya aka yi abin.

A lokacin ni ƙaramin malamin dabbobi ne a Gumel, shekarata ta huɗu da kama aiki. Aikina bin rugage da ƙauyuka ina yi wa shanu allurar rigakafi, daga wajen Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, wani zubin har bakin iyaka. Da keke nake zuwa, akwatin magani ɗaure a kariya. Ƙasarmu yashi ce, in ka sauka daga babbar hanya rabin tafiyar kai ne za ka tura keken. Ga shi ba a fi shekara biyu ba da farin da ya kashe dabbobi, ɗan abin da ya rage wa mutane suna ji da shi kamar 'ya'yan cikinsu. In ka ce wa makiyayi za ka zo ranar Talata, to lallai ka zo ranar Talata.

Sai gwamnati ta yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, aka haɗo mana da ariyas, wato cikon kuɗin watannin baya. Gari ya ruɗe. Wannan ya sayo rediyo mai kaset, wancan ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Ni ban yi dogon tunani ba, babur nake so, kuma na san irin wanda nake so, domin malamin gona da muke maƙwabtaka yana da shi. Baƙi ne, gajere, mai shimfiɗaɗɗen mazauni da faffaɗan kariya a baya. In yana tafiya sai ka ce keken ɗinki ne. Yakan ɗora masa buhun taki ya kai ƙauye ya dawo ko gumi bai yi ba.

A Gumel ba a sayar da sabon babur, sai an je Kano, ni kuma lokacin rigakafi ne, ba halin ɗaukar hutu. Ina da ɗan'uwa a can, ɗan wan mahaifina. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, a gidanmu ya tashi, ya girme ni da shekara biyar, Yaya nake ce masa. Akawu ne a wani kanti. Mutum ne mai daɗin baki. In ya zo gida da wandonsa mai faɗin ƙafa da baƙin tabarau, samari sai su kewaye shi suna jin labarin birni. A gaban mahaifina na damƙa masa kuɗin. Na ja shi har ƙofar gidan malamin gona, na dafa kariyar babur ɗin da hannuna, na ce, "Irin wannan, Yaya. Ko launin kada a canza."

Ya ce, "An gama. Ka ɗauka ya zo."

Bayan mako guda ya aiko wani direba ya gaya mini in tare shi a Gagarawa Tasha ranar Asabar, jirgin ƙasan da ke zuwa Nguru zai sauke shi da kayan. Tun da safe ina tashar. Da jirgi ya tsaya 'yan dako huɗu suka sauko da wani abu daga taragon kaya, an lulluɓe shi da buhuna. Yaya da kansa ya yaye lulluɓin, yana murmushi.

Ja ne wur. Dogo, ƙafafunsa zaƙo-zaƙo kamar na ɗan raƙumi. Tayoyin duk haƙora, madigadin gaba ya yi sama can nesa da taya, salansa ta biyo ta gefe daidai ƙafar mutum. Mazaunin siriri. Na zagaya baya ina neman kariya, babu, ko wurin da za a ɗaura ta babu.

Na ce, "Yaya, wannan na waye?"

"Naka mana."

"Ba shi na nuna maka ba."

Ya cire tabarau ya dube ni kamar na ba shi tausayi. "Kai matsalarka ƙauyanci. Wancan da ka nuna mini na masu bin kwalta ne. Ina ka taɓa ganin kwalta a ruga? Wannan don yashi aka ƙera shi. Irinsa Turawan da ke haƙa rijiyoyi suke shiga daji da shi. Guda ɗaya ya rage a kantin, sai da na yi rigima aka bar mini."

"To a ina zan ɗaura akwatin magani?"

"Sai ka goya. Mene ne a ciki?"

Jirgin da zai koma Kano washegari zai biyo. Da na tsaya a kan bakana na ce a mayar, da an mayar. Amma kafin in sake magana mutane sun taru. Masu tallan gyaɗa, 'yan dako, fasinjoji ta tagogin jirgi, kowa sai kallo. Shugaban tashar ya fito daga ofishinsa, ya shafa tankin ya ce, "Malam, ai ko Di'o ba shi da irin wannan." Sai na ji kaina ya kumbura. A nan nawa laifin yake, ban taɓa ɓoye shi ba. Na ce, "To, Allah ya sa alheri."

Yaya ne ya tuƙo mu zuwa Gumel, ni a baya. Bai tambayi kowa inda ake kunnawa ba, bai laluba giya ba, hannunsa ya san komai. Na lura da haka, amma ban kawo komai a raina ba, domin hankalina yana kan salansar da take gasa mini ƙauri ta cikin wando. Kafin mu isa gida fatar wurin ta saɓule.

Ni gajere ne. In na hau, kan yatsun ƙafa ɗaya ne kawai ke taɓa ƙasa. Kullum da safe sai mai ɗakina ta mirgino turmi soro in taka in hau, tana kawar da kai don kada in ga tana dariya. In na buga kik bai tashi ba, sai ya dawo ya doke ni a ƙwauri. Fetur ɗinsa sai an gauraya da baƙin mai a kwalba an girgiza, ga tankin ƙarami, ga shan mai kamar ana zubarwa. Ranar Juma'ar farko na sa babbar rigata na hau zan je masallaci, sarƙa ta kama gefen rigar ta naɗe, na zube a tsakiyar hanya a gaban jama'a, hulata can, takalmina can. Dattawa biyu ne suka ɗaga mini shi daga kan ƙafata.

Duk wannan da sauƙi. Ranar da na fara shiga ruga da shi, ƙarar kaɗai ta tarwatsa garke. Maruƙa suka tsinke igiya, wata saniya ta ture matar da ke tatsarta, ƙwaryar madara ta kife. Awa guda muka yi ana tattaro shanu daga daji, ni ina tsaye da akwati a baya ina ba da haƙuri. Daga ranar na koma ajiye shi nesa da ruga in ƙarasa a ƙasa. Wato na kashe ariyas ɗina don in riƙa tafiya da ƙafa.

Sai kuma ya tsiri mutuwa a hanya. Ina cikin tafiya sai ya fara tari, ya yi shiru. Na kai shi wurin wani tsohon bakanike a tashar mota. Ya kwance fulogi ya nuna mini, baƙi ƙirin, jiƙe da mai.

Ya ce, "Malam, ai wannan ba ya son lallaɓawa. Na tsere ne. In ba ka murɗa shi ba mai ne zai taru ya jiƙa fulogi, ya mutu."

Na ce, "Baba, kwalaben magani nake goye da su. Ta yaya zan yi tsere?"

Ya goge hannu da tsumma. "To ba naka ba ne."

Shi kuwa Yaya, wanda da can sai ya yi wata biyu bai leƙo gida ba, sai ga shi Asabar ta gaba. Ko zama bai yi ba ya zare makulli daga ƙusa, wai zai buɗe mini injin. Yini guda ana jin ƙararsa a gari, daga kasuwa zuwa bakin asibiti, daga nan ya miƙi hanyar Maigatari ya dawo. Ya kawo mini shi tanki a bushe. Da na faɗa masa abin da bakanike ya ce, sai ya yi dariya ya ce shi a hannunsa ko sau ɗaya bai mutu ba, in dai koyi tuƙi.

Ranar Talatar da ta biyo ina da alkawari da wani Arɗo, can gaba da Sule Tankarkar. Tun wata guda muka sa ranar. Dattijo ne mai mutunci, shi ya sha wahalar shawo kan rugage bakwai su tara shanunsu a bakin rijiya ɗaya a yi musu rigakafin ciwon huhu, domin wasunsu ba su yarda da allura ba, wasu kuma suna shirin tashi neman ciyawa. Maganin nan a firji mai kananzir muke ajiye shi a ofis. In za a fita da shi sai a cikin babban fulas da ƙanƙara. Ƙanƙarar na narkewa ya ɗumama, ya tashi daga aiki. Ga shi bazara ce, irin wadda tun hantsi yashi ke ƙona tafin ƙafa.

Na fito bayan sallar asuba, fulas da akwati goye a bayana da zanen mai ɗakina. Na wuce Sule Tankarkar lafiya, na sauka daga hanya na shiga yashi. Ban yi nisa ba ya fara tarin nan nasa. Na canza fulogi da wanda na taho da shi. Ya tashi, ya yi 'yar tafiya, ya sake mutuwa. Na kankare fulogin da tsinke, na ƙona shi da ashana, na mayar. Na buga kik har ƙwaurina ya fashe, jini ya bi safa. Ko tari bai ƙara yi ba.

Abin da ya kamata in yi shi ne in yar da shi a wurin in kama hanya da ƙafa, da na isa da sauran ƙanƙara. Amma duk abin da na mallaka ne kwance a yashi, ba gida ba kowa. Sai na kama turawa. Keke in ka tura yana bin ka. Wannan kuwa haƙoran tayarsa sai su kafe a yashi, ka tura taku goma ka tsaya kana haki. Ina turawa ina zaginsa da ƙarfi, ni kaɗai a daji, na zagi wanda ya ƙera shi, na zagi wanda ya sayar, na zagi kaina. Rana ta take tsaka kafin in kai wani ɗan ƙauye mai gida huɗu. Na bar shi a hannun wani manomi, na sha ruwa, na ci gaba a ƙasa.

Bayan la'asar na isa rijiyar. Tun daga nesa nake jin kukan shanu. An tsare su wuri ɗaya tun safe, samari sun gaji da tarewa, mata sun koma gefe da 'ya'yansu a inuwar aduwa. Na durƙusa na buɗe fulas. Ruwa ne ɗumi, kwalabe suna iyo a ciki.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ce in yi allurar haka nan. Ba wanda zai sani. Za su gode mini, a ba ni nono in sha, in rubuta a takarda cewa an yi. Na daɗe a durƙushe ina kallon kwalaben. Sannan na tashi na je wurin Arɗo na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, maganin ya lalace a hanya. In na yi musu, ruwa kawai na zuba musu."

Wani saurayi ya buga sandarsa a ƙasa ya fara magana da Fillanci, da ƙarfi, yana nuna ni. Arɗo ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Shi Arɗon bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Malam, shanun nan yau ba su yi kiwo ba saboda kai. Ni na bi mutanen nan gida-gida na ce musu kai mai alkawari ne. Rugage uku gobe za su tashi, ba za su jira wata rana ba." Ya dubi ƙafata mai jini, ya dubi zanen da na yi goyo da shi. "Lokacin da kake zuwa da keke ba ka taɓa yi mana haka ba."

Na ba shi haƙuri. Nan na kwana, washegari aka ɗora babur a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan a bayan motar gyaɗa zuwa Gumel. A ofis babban malaminmu ya ba ni takardar tuhuma, ta farko a rayuwata. Da na fara bayani ya katse ni ya ce gwamnati ba ta aike ni in sayi abin wasa ba.

Asabar Yaya ya sake zuwa. Bayan azahar muna zaune a zauren mahaifina, na kwashe duk abin da ya faru na faɗa, har da takardar. Na zaci zai ce in yi haƙuri, ko ya ce zai koma kantin ya roƙa a musanya. Sai ya gyara zama.

Ya ce, "To tunda abin ya fi ƙarfinka, kada ka wahalar da kanka. Bar mini shi. Amma ka san yanzu ya zama na hannu, ga tabo a tanki inda ka faɗi da shi. Zan ba ka rabin kuɗinsa."

Na ce, "Rabi? Babur ɗin mako biyu?"

"Kai ba ka san darajarsa ba ne shi ya sa. Ni wata shida ina wucewa ta gaban kantin nan safe da yamma ina kallonsa. Har mai kantin ya san ni, sau biyu yana ba ni ina zagayawa da shi."

Bai ma san abin da ya faɗa ba. Ya ci gaba da magana, ni kuwa kunnuwana sun toshe. Sai a lokacin na gane abin da ya sa hannunsa ya san komai a tashar jirgi, da abin da ya sa ya koma zuwa gida duk Asabar.

Na ce, "Wato da kuɗina ka sayi abin da ranka yake so. Ka kawo mini in ajiye maka, in na gaji ka karɓa a rabin kuɗi."

Ya ce, "Kai, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Da wanda na kai ƙofar gidan malamin gona na nuna masa babur da hannuna. Shanun rugage uku sun tafi ba allura saboda kai, Yaya. An ba ni takarda saboda kai."

"Saboda rashin iya tuƙinka dai."

Na miƙe tsaye. Ban san abin da zan yi ba, amma na miƙe. Mahaifina ya daka mini tsawa ya ce in zauna. Ya ce ya isa haka, yayana ne, maraya ne da aka ba shi amana, ba za a ji kanmu a gari saboda ƙarfe ba. Ya ce in ba shi babur ɗin, abin ya tsaya a cikin gida. Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka na yarda. Yaya ya ce Asabar mai zuwa zai taho da kuɗin.

Kwana huɗu ina fama da abin a ciki. Abinci ba ya shiga. In na fito soro na ga babur ɗin a jingine sai in ga kamar Yaya ne tsaye da tabarau. Mai ɗakina ta ce in bi maganar Baba in huta. Na ce mata in dai ina numfashi ba zai hau shi ba.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na sa sabon fulogi, na taka turmi na hau. Ba akwati, ba kwalabe, ga haushi, sai na murɗa shi iya murɗawa. Abin takaici, ranar ya yi tafiyar da bai taɓa yi mini ba. Ya ratsa yashi kamar ba ya taɓa ƙasa, ko tari ɗaya bai yi ba, na wuce motocin kasuwa biyu fasinjoji suna ɗaga mini hannu. Wannan ya ƙara ƙona mini rai. Ashe lafiyarsa ƙalau, na wani ne kawai aka ɗora mini.

Kasuwa ta cika, shanu da raƙuma da mutanen ƙetare. Na sami wani dillali a gefen da ake sayar da kekuna. Ya zagaya babur ɗin ya ja ni gefe.

Ya ce, "Kai dai ka yi shiru, ni zan yi magana. Za mu ce canjin wurin aiki aka yi maka zuwa birni."

Mutane suka taru, kamar dai a tashar jirgi. Dillali ya fara zuba, wai ko sati uku bai yi ba, wai mai shi tafiya ta kama shi. Wani ya tambaye ni ko yana da matsala. Sai bakina ya buɗe.

Na ce, "Yana da ita. Ba shi da kariya. Yana shan mai. Yana ƙona ƙafa. Yana korar shanu. In ka tafi a hankali ya mutu ya bar ka a daji. Ga ƙwaurina ku gani."

Na ɗage wando na nuna musu. Aka fashe da dariya, dillali ya riƙe kai, rabin mutanen suka watse. Wani dogon mutum da farin rawani bai tafi ba. Daga wajen Damagaram yake, fataucin fata da ƙiraga yake yi. Ya karɓi makulli, ya ɗaga ƙafa ya hau ba tare da ya nemi abin takawa ba, bugu ɗaya ya tashi. Ya fita bayan kasuwa ya zagayo, ya tsaya a gabana ƙafafunsa biyu a ƙasa.

Ya ce, "Moton nan lafiya lau yake. Buji ne kawai, abin da kuke ce wa fulogi, yake so a kula da shi. Wane aiki kake yi?"

Na ce allurar shanu.

"Wa ya ce ka sayi wannan don allurar shanu?"

"Ɗan'uwana."

Ya girgiza kai. "To, Allah ya shirye shi."

Ya yi tayi. Abin da ya taya bai kai wanda Yaya zai ba ni ba. Dillali ya matso ya raɗa mini cewa in dakata, kasuwa ba ta gama ci ba, zuwa la'asar za a ƙara. Na ce na sallama. Aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu, mutumin ya naɗe rawaninsa ya rufe baki, ya nufi iyaka. Ban tsaya kallonsa ba. Na hau bayan wata babbar mota a kan buhunan gero na dawo Gumel, kuma a hanya na ji yunwa, karon farko a kwana biyar.

Da yamma na je na durƙusa na gaya wa mahaifina. Ya ce, "Wato maganata ce ba ta kai ba." Na ce ba haka ba ne, Baba. Ya tashi ya shige gida. Mako guda in na gaishe shi ba ya amsawa. A duk abin da ya faru wannan ne ya fi yi mini ciwo, kuma shi ma a wuyan Yaya na ɗora shi.

Asabar sai ga Yaya, da sabuwar hular kwano ja a hannu, wadda ta dace da tanki. Ya leƙa soro ya ga wayam.

"Ina babur ɗin?"

Na ce, "Yana Nijar."

Ya zaci wasa ne. Da ya ji yadda aka yi da abin da aka saya, sai ya fara ihu a ƙofar gida har maƙwabta suka fito. Ya ce ni mahassadi ne, na gwammace in yi asara da in ga ɗan'uwana ya ji daɗi. Na ce ƙwarai kuwa, na gwammace. Ya ce ya yi mini alheri na saka masa da tsiya. Na ce ya faɗa wa mutanen nan irin babur ɗin da na nuna masa, ga malamin gona nan tsaye, shaida ne. Ya buga hular da bango, ya juya, ko kwana bai yi ba ya koma Kano.

Da abin da ya rage na sayi wani akawalin doki wurin wata tsohuwa a Gagarawa wadda mijinta ya rasu ya bari. Shekara shida yana kai ni rugage, fulas a jakar sirdi. Na koma wurin Arɗo mako biyu bayan nan na yi wa shanun rugage huɗun da suka rage allura. Ukun da suka tashi ban sake haɗuwa da su ba. Na yi ta tambaya a kasuwanni, wani ya ce sun yi kudu, wani ya ce ciwo ya shiga garken ɗaya daga cikinsu, wani ya ce ba su ba ne. Har na bar aiki ban san gaskiyar ba.

Ni da Yaya shekara uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Rashin lafiyar mahaifina ce ta sa muka koma zama wuri ɗaya, muka yi jinyarsa tare, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi ƙoƙari. Amma bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Maimakon haka sai ya mayar da abin labarin ban dariya. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, da zarar an taru sai ya fara, wai ya taɓa sayo wa ƙaninsa babur ɗin da babu irinsa a ƙasar Gumel, ƙanin sai da turmi yake hawa, ƙarshe ya kai Maigatari ya kusa bayar da shi kyauta. Mutane su yi ta dariya. Ba ya faɗar shanun, ba ya faɗar wata shidan da ya yi yana kallon kanti.

Bara aka ɗaura auren jikarsa a Kano, na je. Ya tsufa ƙwarai, sai an riƙe shi yake tashi, idonsa ɗaya ya tafi. Muna zaune a rumfa bayan an shafa fatiha, na ji ya ce wa surukansa, "Kun ga wannan ƙanen nawa? Bari in ba ku labarin wani jan babur." Ɗana ya dafa gwiwata ya ce, "Baba, ka ƙyale shi, tsoho ne." Na ce na sani. Na laluba takalmina na sa, na fita bakin titi na jira su a mota.